Tsimin reza ya ci mini zubin sati uku

Ƴan uwana mata, yau zan faɗi abin da muke jin kunyar faɗi a wurin zubi, ko da yake da yawa cikinmu sun taɓa gamuwa da shi.

A bazarar bara, ana gobe bikin ƙanwar maigidana, na shiga makewayi da gaggawa don in aske gashin mara. Rezar da na ɗauka ta yi wata biyu bisa katanga, bakinta har ya fara tsatsa. Na ce ai tana ci, mi zai sa in sayi sabuwa? Na aske a bushe, ba sabulu, ina jan reza sama don wurin ya fita tas. Da na gama kuma na shafa humra.

Bayan kwana biyu ƙuraje suka feso, ga ƙaiƙayi, ga zufar Maraɗi. Wasu suka tara mugunya. Na tsorata, na zaci ciwon sanyi ne, har na fara zargin maigida a raina. Na sayi ƙwayoyi wurin mai tallar magani, ba su yi komi ba. Sati biyu ban je asusu ba, don zama bisa tabarma ma azaba ne, aka ci ni tara.

Da abin ya ishe ni na tafi likita. Ungozoma ta duba, ta ce: "Ƴar uwa, kwantar da hankalinki, aski ne ya jawo miki." Ta bayyana mini cewa gashinmu murɗaɗɗe ne. In aka yanke shi ƙasa sosai, bakinsa yakan yi tsini ya lanƙwasa ya koma cikin fata, wurin ya kumbura. Reza maras kaifi kuwa karce fata take yi, ta buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya. Ta ba ni magani, ta hana ni matsa ƙurajen, ta ce kar in sake aski sai wurin ya warke sarai.

Ga yadda nake yi yanzu. In gashin ya yi tsawo, sai in rage shi da almakashi. In jiƙa wurin da ruwan ɗumi kamar minti biyar, in sa kumfar sabulu maras ƙamshi. Da sabuwar reza nake aski, ina bin inda gashin ya kwanta, a hankali, ba na ja fata, ba na maimaita wuri guda. In wanke da ruwan sanyi, in tsane da tsumma mai tsabta, in shafa man kaɗe kaɗan. Ranar ba turare, ba matsattsen wandon ciki. Rezata kuma tawa ce ni kaɗai, don ciwon hanta da sida suna iya bin jinin da ya rage a bakinta.

Addini ya ce kar a bar gashin ya wuce kwana 40, bai ce a aske kullum ba. A bar fata ta huta. Wadda ta ga mugunya, ko kumburi mai zafi, ko zazzaɓi, balle mai ciwon suga, ta tafi likita tun da wuri.

Da na haɗa kuɗin ƙwayoyi da tara da maganin likita, sun kai zubina na sati uku. Yanzu duk ranar kasuwa reza tana cikin cefanena, kuma na nemi gafarar maigida kan zargin da bai ma san na yi masa ba.