Farar Riga a N'Djamena: Jarrabawar Jiya da ta Yau

A shekarun 1990, matashin da ke son aikin jinya a N'Djamena ba jarrabawar fita ce ke hana shi barci ba, ta shiga ce. Makarantar gwamnati da ke horar da ma'aikatan lafiya, wadda ake kira ENASS, gurabenta kaɗan ne, masu nema kuwa sun cika gari, ga na Mundu da Sar da Abeshe sun taho da jakunkunansu sun sauka gidajen dangi. Wanda sunansa ya fito a takardar da aka liƙa a bango, gidansu sun fara murna tun ranar, domin kowa ya san wanda ya shiga ya daure, aikin gwamnati na jiransa a ƙarshe. Ƙasar ce ke neman ma'aikaci a lokacin, ba ma'aikaci ke neman ƙasar ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yaƙin da ya ɓarke a cikin birni a Fabrairun 1979, da wanda ya biyo baya a 1980 ya ci wata tara, sun watsa mutanen gari, dubbai suka haye kogi zuwa Kuseri ta Kamaru, malaman asibiti na cikinsu, kuma ba duka suka dawo ba. Sashen koyar da likitanci na jami'ar N'Djamena bai buɗe ba sai 1990. Kafin nan duk likitan Chadi a waje ya yi karatu, kuma ba su da yawa. Saboda haka da ka bar babban birni, ka shiga ƙaramin asibitin ƙauye, wanda mutane ke kira likita malamin jinya ne. Shi zai duba marar lafiya, ya rubuta magani, ya ɗinke rauni, ya karɓi haihuwa in babu ungozoma, ya yi rigakafi, ya riƙe littafin kuɗin magani, tunda bayan taron Bamako na 1987 sayar da magani a ƙananan asibitoci ya zama hanyar riƙe su. Malamanmu na ENASS sun san inda za a kai mu, shi ya sa suke tambayarmu abin da a wata ƙasa likita kaɗai ake tambaya.

Mu 'ya'yan Hausawa mun shiga wannan layi a makare. Kakanninmu hanyar Makka ta kawo su Fort-Lamy, tun kafin a sauya mata suna zuwa N'Djamena a 1973, wasu guzuri ya ƙare suka zauna, wasu ciniki ya yi daɗi suka manta da tafiyar. Allo da kasuwa suka sani, lakwal kuwa, wato makarantar boko, sai da aka sha fama. Yaron da ya tashi da Hausa a gida, Larabcin Chadi a titi, sai ya tarar da jarrabawa cikin Faransanci, kuma Faransancin asibiti, wanda ko ɗan birnin Faris sai ya buɗe ƙamus. Na 'yan mata ya fi wuya. Ba karatun ne matsalar ba, kwanan asibiti ne. Sau da yawa uwa ce ke zuwa ta durƙusa gaban mai gida ta ce, "Malam, ka bar ta ta yi, gobe mu za ta duba." Shi kuma ya ce, "Yarinya ta kwana waje cikin maza marasa lafiya? Da wane ido zan dubi mutanen masallaci?" Waɗanda iyayensu suka yarda, mafi yawa ɓangaren ungozoma suka bi, kuma unguwa ta ci moriyarsu tun kafin su karɓi takarda.

Matakan karatun biyu ne. Mai takardar ƙaramar sakandare yana yin shekara 2 ya fita ƙaramin ma'aikacin lafiya, ATS. Mai bakaloreya, wato takardar babbar sakandare, yana yin shekara 3 ya fita da difloma ta ƙasa, IDE, ko ta ungozoma. A ƙauye dai babu mai tambayar wanne ka riƙe.

Shirin jarrabawar ƙarshe da littafin rubutu ake yin sa. Malami ya karanto, ɗalibi ya rubuta, kuma littafin wanda ya fi kyan hannu shi ke yawo daga aji zuwa aji har bangonsa ya yage. Littattafan Faransa dama tsada gare su, da aka karya darajar sefa a Janairun 1994 kuɗinsu ya ninka, sai ya zama mai tsohon littafin magunguna na Vidal guda ɗaya yana da abokai da yawa. Wuta ba ta zama a unguwanni, kuma a watan Afrilu, zafi ya haura maki 40, ɗaki ba ya shiguwa. Da an yi isha'i sai ka ga samari sun bazu ƙarƙashin fitilun manyan tituna, kowa da tabarmarsa, yana kai da komowa yana bita a baki kamar mai tilawa. Mai shayi na gefe ya san mu duka, ya san wanda ke biya da wanda ke cewa sai ƙarshen wata.

Abin da muke bita ɗin har yau yana kaina. Ruwan leda mai mililita 500 da za a ƙarar cikin awa 4, a bututun da ke ba da ɗigo 20 a kowace mililita, ɗigo nawa ne a minti? Arba'in da biyu. Wannan lissafi ba na ado ba ne, domin da shi ake saka wa mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani kinin a cikin ruwan sukari, kowace awa 8, kuma kinin in ya shiga jini da gudu yana iya taɓa zuciya, yana kuma zubar da sukarin jini. Babu injin da zai ƙirga maka, agogon hannunka ne da idonka. Sai jadawalin rigakafin yara: BCG ranar haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, na ƙyanda a wata 9. Sai alamomin sanƙarau, wanda ke zuwa da iskar rani. Sai yadda ake gane yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, ka tsunkuli fatar ciki ka ga ko za ta koma da sauri. Wanda ya yi zaman koyon aiki lokacin annobar kwalara ta 1991 bai buƙaci littafi a kan wannan ba, ya ga gadaje masu rami a tsakiya da bokiti a ƙasa, ya rataye ledar Ringer har hannunsa ya gaji.

Jarrabawar rubutu ana tsoronta, amma ta gefen gado ita ce jarrabawa. A kai ka ɗakin marasa lafiya na babban asibiti da safe, ka zari ƙuri'a, lambar gadon da ta fito shi ne rabonka. Wataƙila tsoho ne da aka yi wa aikin ƙaba, wataƙila yaro mai ƙuna, wataƙila mace mai ciwon sukari da gyambo a ƙafa. A ba ka ɗan lokaci ka tattauna da shi, ka duba takardunsa, ka shirya kayanka a faranti, sannan masu jarrabawa su zo su tsaya a kanka, malami daga makaranta, likita, da majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na ɗakin. Majo ne abin tsoro. Ba ya tambaya da yawa, hannunka yake kallo. Ka wanke shi kafin ka taɓa mutum? Almakashin da ya taɓa datti ka mayar da shi cikin masu tsabta? Ka rufe wa mace jikinta kafin ka buɗe ciwon? A wancan lokaci ana dafa sirinjin gilashi a sake amfani da shi, kayan ƙarfe a gasa su a tanda, don haka ɗalibin da bai iya raba mai tsabta da marar tsabta ba, ko ya haddace littafi duka, majo zai girgiza kai kawai, kuma kowa ya san ma'anar wannan.

A nan ne mu da muka sha wuya a takarda muke ramawa. Marar lafiya ba ya jin Faransanci. Larabci yake ji, ko Ngambai, ko Barbarci, ko Goranci, ko Hausa. Ɗan kasuwar Dembe da ya tashi cikin harsuna uku yana sunkuyawa ya ce, "Baba, sannu da jiki, ina ne ke maka ciwo?" sai tsoho ya saki jiki ya faɗi abin da bai faɗa wa likita ba, har da jiƙon da yake sha a ɓoye. Sannan ka juya ka mayar wa masu jarrabawa da bayanin cikin Faransanci. Ba a ba da maki don wannan fassarar a takarda, amma majo yana gani.

Bayan sakamako sai jiran inda za a tura ka. Mongo, Ati, Mao, Am Timan, ko Faya can cikin hamada. Iyaye mata su yi ta addu'a kada a kai yaro inda damina ke yanke hanya wata da watanni. Ana kai shi dai, ya tafi.

Yau abin ya juye. Bayan makarantun gwamnati na larduna, irin na Abeshe da Mundu da Sar, makarantun kuɗi sun cika N'Djamena, kuma mai kuɗin rajista ba ya rasa gurbi. Da ƙofar shiga ta buɗe haka, dole aka matse ta fita: ma'aikatar lafiya ta sa jarrabawa guda ta ƙasa, wadda ɗaliban makarantun gwamnati da na kuɗi ke zama tare kafin a amince da takardarsu. Ni ina goyon bayan wannan, domin makarantar da ta karɓi kuɗin yaro bai kamata ita kaɗai ta shaidi ƙwarewarsa ba. 'Yan'uwanmu na Najeriya sun daɗe a kan haka, ɗalibin Kano ko Maiduguri sai ya ci jarrabawar hukumar ma'aikatan jinya da ungozomomi ta ƙasa kafin ya sami lasisi. Abin da ke damuna shi ne yawa. Ɗalibai sun yi wa gadaje yawa, goma su kewaye marar lafiya ɗaya, ɗaya ya yi allura tara su kalla. Yaran yanzu sun fi mu takardu, tsofaffin tambayoyi na yawo a WhatsApp, kuma abin da suke koyo ya fi namu sabunta, tunda allurar artesunate ta karɓi wurin kinin, sirinji kuma sau ɗaya ake amfani da shi a jefar. Amma na ga mai difloma da hannunsa ke rawa wajen neman jijiyar jariri, kuma ba laifinsa ba ne, ba a ba shi jarirai ya gwada a gaban wanda ya iya ba.

Sannan cin jarrabawar bai zama samun aiki ba. Da farashin man fetur ya faɗi, gwamnati ta fito da matakan tsuke bakin aljihu 16 a 2016, ɗaukar ma'aikata ta tsaya cik. Alkawarin ɗaukar matasa 20,000 da marigayi shugaban ƙasa Idriss Déby ya yi na shekarar 2020 ya rage layin, bai ƙarar da shi ba. Masu takarda da yawa suna aikin sa kai a asibitoci shekara da shekaru, suna jiran sunansu ya fito, wasu sun koma kantin magani, wasu suna yin allura a gidaje. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, 'yan gudun hijira suka cika Adre da kewayenta, ƙungiyoyin agaji ke ɗaukar wasunsu a kan kwantiragin watanni, kuma yaran unguwarmu da iyayensu suka taɓa roƙon kada a tura su nesa, yanzu su ke bin motar Abeshe da takardunsu a cikin leda.