Keken Ɗinkin Inna

A birnin Sakkwato, wajen Ƙofar Rini, an yi wata mata mai ɗinki, 'ya'yanta suna kiranta Inna. Yau shekara biyar ke nan da rasuwarta, amma ɗiyarta ta fari, da ta ji ƙarar keken ɗinki, sai ta tuna ta.

Wata safiya Inna ta tashi idonta na dama yana gani dishi-dishi. Bayan mako uku ya washe, aka manta. Shekara ta kewayo, sai ƙafarta ta yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Waɗansu suka ce iska ce, waɗansu suka ce sammu. Sai da likita ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwarta aka gane cutar, wadda Turawa ke kira em-es a taƙaice.

Ku dubi wayar lantarki, ai da roba a jikinta. To, haka jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka suke da rigarsu. A wannan cuta, garkuwar jikin mutum ce ke kuskure ta riƙa cin rigar nan, sai saƙo ya kasa isa ido ko ƙafa. Wani likita Bafaranshe, Sharko, ya bayyana ta a 1868. Ta fi yawa a ƙasashen sanyi, ta kuma fi kama mata. Akwai magungunan sassauta ta, amma har yanzu ba a sami na warkewa ba.

Zafi yana tsananta ta, ga shi kuwa bazarar Sakkwato ba ta da sauƙi. Saboda haka Inna ta mai da aikinta bayan sallar asuba, da rana kuma ta rufa da jiƙaƙƙen zane. Da ƙafa ta gaza taka keke, ta sa aka ɗaura masa marfi na juyawa da hannu. Da ɗinkin nan ta ciyad da 'ya'ya huɗu.

Da yake ba a cika ganin cutar a ƙasarmu ba, in ta je asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ɗalibai sukan kewaye ta. Ta yarda su gwada ta, a ɗebi jininta, a rubuta labarin ciwonta. Ran nan ɗiyar ta ce, "Inna, ba ki gaji da tambayoyinsu ba?"

Ta yi dariya, ta ce, "Ɗiyata, ni ce allonsu. In na ƙi, a ina za su karanta?"

Da ciwo ya kwantar da ita, ta yi wasiyya a sayad da keken, a kai kuɗin wurin masu binciken cutar, tun da bai kai sulusin abin da ta bari ba. Aka cika mata. Wata maƙwabciya ce ta saya, kullum da hantsi ana jiwo ƙararsa ta bayan katanga.