Mubi, Garin Nama Da Nono: Shawara Ga Mai Son A Rage Masa Tumbi

Matafiyin da ya tashi daga Yola ya bi ta Song da Gombi da Hong, bayan tafiyar kimanin kilomita 200 zai hango duwatsun Mandara sun tokare gabas. A gindinsu Mubi take, a bakin kogin Yedzaram, kusa da iyakar Kamaru. Gari ne da ya ga jiya ya ga yau. Jamusawa sun kama shi a 1903, Ingilishi suka karɓe shi a 1914, sa'an nan bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961 yankin ya shigo Nijeriya, Mubi ta zama hedkwatar Lardin Sardauna. Fulani da Gude da Fali da Margi da Higi da Hausawa duk suna zaune a cikinta.

Abin da ya fi ɗaukaka sunan garin shi ne kasuwar shanu. Ran kasuwa garkuna kan shigo daga Kamaru da Chadi, ƙura ta turnuƙe, manyan motoci su jeru suna lodi zuwa kudancin ƙasar nan. Inda shanu suke kuwa nan nama da nono suke. Da la'asar sakaliya hayaƙin tukubar masu tsire ya cika bakin tasha, mata Fulani na zaune da ƙoren kindirmo da man shanu, a gidaje kuma ana dama kunun gyaɗa, wanda mutanen Adamawa ke taƙama da shi. Baƙon da ya sauka a Lokuwa ko Wuro Patuji ba ya fita sai ya sa hannu a akushi, don ƙin cin abincin mai gida abin zargi ne.

A irin wannan gari, idan mutum ya yi jiki sai a ce ya samu, Allah ya buɗa masa. To, amma zamani ya juya. Dillalin da ubansa ya ƙare rayuwarsa yana bin shanu da ƙafa, shi yanzu yini yake a rumfa da wayar hannu, in zai tashi sai mota, ga lemon kwalba ya maye gurbin ruwan randa. Teɓar da ake yi wa barka ita ce kan zo da ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa da sarƙewar numfashi cikin barci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta zama cuta. Don haka labarin tiyatar rage ƙiba, da ke yawo a wayoyin jama'a, ya cancanci a yi masa bayani dalla-dalla.

Iri biyu aka fi yi. A na farko likita kan yanke wajen kashi 80 cikin 100 na tumbi ya fitar, ya bar ɗan siriri mai siffar ayaba. A na biyu, wanda wani likitan Amurka mai suna Edward Mason ya fara a shekarun 1960, akan ware 'yar jaka kamar girman ƙwai daga saman tumbi a haɗa ta da hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran. Yawanci ta 'yan ƙananan huda ake yi, da na'ura mai kyamara. Bayan aikin yunwa kan ragu, nauyi ya zube ƙwarai cikin shekara ɗaya zuwa biyu, kuma da yawan masu ciwon sukari kan sami sauƙi mai yawa.

Likitoci suna da ma'aunin da suke gane wanda ya dace. Akan raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita sau biyu. Mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 101, alal misali, ma'auninsa wajen 35 ne. Bisa ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka fitar a 2022, daga 35 zuwa sama ana iya shawartar tiyata, haka nan daga 30 ga wanda ciwon sukari ya kama. Wanda bai kai nan ba, sai ya nemi gyara ta cimarsa da motsa jiki da maganin da likita ya rubuta. Kuma aikin yana da haɗarinsa: ɗinki na iya yoyo, jini na iya zuba ko ya daskare a jijiya, tumbin da aka yanke kuwa ba ya dawowa.

Ga mutumin Mubi akwai ƙarin nauyi, watau nisa. Galibi a asibitocin kuɗi na Legas da Abuja ake yin aikin, wasu kuma su tafi Indiya ko Masar ko Turkiyya, kuɗin kuwa miliyoyin Naira ne. Wanda ya sayar da shanunsa ya biya, ya kamata tun kafin ya tashi ya san likitan da zai riƙa duba shi da gwada jininsa in ya dawo, ko a Mubi ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola.

Babban aikin kuwa a gida yake jiransa. Makonni biyun farko ruwa-ruwa kaɗai zai sha, kamar romon da aka tace aka kwashe kitsensa, da nonon da aka cire wa mai. Daga nan sai abin da aka dama ya yi laushi, irin su wake da ƙwai da kifi. Sai an kai mako shida zuwa takwas zai koma abinci sosai, shi ma 'yan lomomi, a tauna da kyau, a fara da nama ko wake kafin tuwo, don ɗan wurin da ya rage abinci mai gina jiki ya fi cancanta da shi. Ba a haɗa ci da sha, sai a ba da ratar rabin sa'a. Kunun gyaɗa ko furar da aka cika wa sukari na iya jawo jiri da zufa da gudawa nan take, lemon kwalba kuwa sai a yi ban kwana da shi. Ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini da na ƙarfin ƙashi sun zama abokan zama har ƙarshen rai. Mace akan ce ta jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Azumin farko bayan aikin ma sai da shawarar likita, domin ƙaramin tumbi ba ya ɗaukar ruwan yini guda a zama ɗaya.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da hannun iyali. Uwargidan da ta saba auna ƙauna da girman malmala, dole ta yarda loma huɗu ba raini ba ce. Abokan ciniki da ake zagaye tiren nama tare da su bayan an sallama sa, su daina cewa "ƙara mana, Alhaji". A gidan suna da na biki, mai gida ya karɓi uzurin baƙonsa ba tare da ɓacin rai ba. In ba a sami haka ba, tumbi kan sake buɗewa sannu a hankali, nauyi ya dawo, a yi asarar shanu da lafiya gaba ɗaya.

Saboda haka duk wanda wannan shawara ta taso masa, ya gwada kansa tukuna. Ya yi wata uku yana cin ɗan kaɗan a tsakiyar mutanensa, ba sukari, ba lemo, yana taka ƙafa da safe zuwa bakin Yedzaram. In ya iya, ya sami abin da zai gaya wa likita. In kuwa ya kasa, gara ya sani tun shanunsa suna turke. Hausawa dai sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.