Daga Malumfashi Zuwa Titin Gidan Zoo Da Kaset A Jaka

Uwargida, ko kin taɓa tara mutanen gida a falo, an shimfiɗa tabarma, yara sun yi shiru, kin sa bidiyon bikinku, sai talabijin ta ƙi nuna komai? Abin da ya same ni ke nan a gaban Inna, mahaifiyar maigidana, ranar da na kai mata hoton walimar saukar Alƙur'ani ta jikarta. Da waya aka ɗauka, wani yaro ya tace mana shi a kwamfuta, ya zuba a filashi. Muna sakawa sai wani rubutu ya fito, hoto ya ce ku neme ni. Inna idonta ya yi rauni, ba ta iya kallon waya. Ta ce ba komai, amma sai ta ƙara da cewa da ma kaset ɗin aurenmu na 1998 za a gyara mata, domin a nan ne kaɗai muryar marigayi Malam ta rage, inda yake yi mana addu'a.

Wannan magana ce ta sa na nemi izinin maigida, na ɗauki ƙanena, muka hau motar Kano da sassafe. Daga Malumfashi sai Dayi, sai Gwarzo, muka shigo gari ta Rijiyar Zaki da Kabuga, kaset na cikin jakata naɗe a ɗankwali kamar gwal.

Kasuwar Ƙofar Wambai muka fara nufa, domin duk wadda ta yi wayo a shekarun 1990 zuwa na 2000 ta san nan ce matattarar kaset ɗin finafinan Hausa, daga nan 'yan kasuwa ke sari su kai har Nijar. To amma 'yar'uwa, zamani riga ne. Yanzu kayan roba da yadi da gwanjo za ki yi ta ratsawa, masu kaset sai an tona. Wani dattijo da muka samu ya juya kaset ɗin, ya nuna mini wani farin abu a jikin zaren, ya ce fumfuna ce, damshin ɗaki ke kawo ta. Ya gargaɗe ni kada in yarda a sa shi a na'ura kafin a goge, don zai ɓata kan na'urar, zaren ma yana iya tsinkewa. Na'urar kuwa tsada take ƙarawa, tun da kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera ta, ya daina a 2016.

Daga nan adaidaita sahu ta kai mu Titin Gidan Zoo, unguwar da ta yi suna da ofisoshin 'yan fim da ɗakunan tace hoto. Benaye ne masu ƙananan shaguna, ko'ina janareto na ruri, a ƙasa ga masu shayi da masu gyaran waya. A wani ɗaki mai fanka ɗaya muka zauna, mai shagon ya goge kaset, ya haɗa na'urar da kwamfuta. Ki sani, wannan aiki ba ya son gaggawa, kaset na awa 3 sai ya ci awa 3 cur, domin sai ya yi wasa daga farko har ƙarshe ake kwafe shi. Muna zaune na ji muryar Malam ta fito, sai da na ja mayafi na rufe fuska.

A zaman nan ne na fahimci abin da ya kunyata ni a gaban Inna. Bidiyo iri-iri ne, kuma ba kowanne talabijin ke ganewa ba. Wayoyin iPhone tun 2017 suna ɗaukar hoto da wani tsari mai suna HEVC, wanda tsofaffin talabijin da yawa ba sa karantawa. Wanda kusan kowace ke karɓa shi ne MP4 mai tsarin H.264, don haka ki rubuta wannan suna a takarda ki miƙa wa mai tace miki. Na biyu, filashin kansa. Talabijin da dama sai filashi mai tsarin FAT32 suke gani, shi kuma ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4, saboda haka dogon biki sai a raba shi kashi-kashi, kamu daban, walima daban.

Idan kuwa faifai kike so, zuba fayil a faifai daban, buga shi a matsayin DVD daban, tsofaffin na'urori na biyun kawai suka sani. Ki kuma ce a yi miki PAL, tsarin da muke amfani da shi a Najeriya mai hoto 25 a daƙiƙa. Na Amurka NTSC ne, shi ya sa faifan da 'yan'uwa ke aikowa daga can wani lokaci yakan fito baƙi da fari. In duk an rasa mafita, wayar HDMI daga kwamfuta zuwa talabijin tana raba gardama. Gobe kuma in za ki ɗauki suna ko walima, ki kwantar da wayar, kada ki tsayar da ita, don hoton ya cika fuskar talabijin.

Akwai abin da ya fi duk wannan muhimmanci. Kaset ɗin biki cike yake da matan mutane, wasu ba mayafi, sun saki jiki ne don suna cikin gida. Amana ce a hannunki. Kada ki bar shi ya kwana a shago, ki je da muharraminki, a yi aikin a gabanku, in an gama a goge na kwamfutar kuna kallo.

Kafin mu tashi na sa aka gwada a wata tsohuwar talabijin da ke shagon, na ga hoto, na ji murya, sannan na biya. Muka biya kasuwar waya ta Farm Centre na sayi filashi na biyu, don a ajiye ɗaya a wurin yayar maigida.

Bayan isha'i muka iso gida. Washegari Inna ta matso da kujerarta dab da talabijin. Da Malam ya ɗaga hannu ya fara addu'a, ita ma ta ɗaga nata tana amsawa da amin, jikokin da ba su taɓa ganinsa ba suna tambaya ko shi ne Kaka. Sau uku ta sa aka maimaita wurin.

'Yar'uwa, ki buɗe akwatin nan na ƙarƙashin gado ki duba naki kaset tun fumfuna ba ta riga ki ba. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci zuri'armu, amin.