"Munka" da "Sunka" a Cikin Labari



Yawancinmu da muka yi difloma mun zauna darasin Turanci na dole. An koya mana wasiƙar neman aiki da rubuta rahoto, amma da wuya a taɓo fannin da masana ke kira walwalar harshe, wato nazarin yadda magana ke sauyawa gwargwadon mai yin ta, da garinsu, da wanda yake yi wa. Mu da ke rubutu daga Gusau da Tsafe da Bungudu, rashin sanin kalmomin wannan fanni yana jawo mana asara. Sai ka tura labari, mai tacewa ya mayar da kowane "munka" ya koma "muka", "yaz zaka" ya koma "ya zo", har a bakin tsohuwa mai sayar da hura a kasuwar Bungudu. Ka san an cuce ta, amma ba ka san sunan abin ba, balle ka kafa hujja.

Sunansa karin harshe. Zamfarci kari ne, ɗan'uwan Sakkwatanci, kuma yana da dokokinsa. Wanda ya ce "tahi" zai ce "hwara", zai ce "biyat", zai ce "shi na" inda Bakano ke cewa "shi ne". Kuskure ba ya bin tsari haka. Da wannan Hausa Sa'idu Faru da Musa Ɗankwairo suka yi wa sarakuna waƙa, ba wanda ya ce su gyara baki. Ƙamusun Bargery na 1934 ma yana nuna kalmar da ta Sakkwato ce da wadda ta Katsina ce, bai zubar da su ba.

Ita kuwa daidaitacciyar Hausa zaɓa aka yi. An gina ta bisa Kananci don a sami hanya ɗaya ta buga littafi da jarida da koyarwa a aji. Muna bukatarta ƙwarai, domin da ita mai karatu a Zariya ko Kumasi zai bi labarinmu. Amma zaɓen bai mayar da sauran Hausa gurɓatacciya ba.

Turanci ma haka yake. A 1962 wani Ba'amurke, William Labov, ya zaga manyan kantuna uku a birnin New York yana tambayar ma'aikata inda wani kaya yake, alhali ya san yana hawa na huɗu. Kalmomi biyun da ke ba da wannan amsa a Turanci duk suna da harafin "r". Ya gano ma'aikatan kantin masu kuɗi sun fi furta shi, na kantin talakawa sun fi haɗiye shi. Ashe harafi ɗaya na iya tona matsayin mutum. Shi ya sa muke jin zafi idan fim ko littafi ya ajiye Zamfarci don bakin wawan ƙauye, ko a 'yan shekarun nan bakin ɗan bindiga, likita da alƙali kuwa a ba su Kananci, sai ka ce babu likita ɗan Tsafe.

Akwai kuma Hausar rukuni, irin ta 'yan kabu-kabu a tasha, ko mahauta, ko almajirai. Ɗalibar Jami'ar Tarayya ta Gusau ba da murya ɗaya take magana da ƙawarta da kakarta ba, kuma marubucin da ya ba ta murya ɗaya bai saurare ta ba. Da ƙawar ce za ta yi Ingausa, rabin jimla Hausa rabi Turanci. Kada mu haɗa wannan da aro. "Asibiti" da "tebur" da "direba" sun zama namu tuni, kakar ma da su take magana.

A namu ganin, mai ba da labari ya riƙe daidaitacciyar Hausa, taurari kuwa a bar kowa da bakinsa, ba tare da an cika shafi da shi har baƙo ya gaji ba. "Munka" biyu da "awo" ɗaya sun isa a gane ɗan Bungudu. Mai son sauran kalmomin ya nemi Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, ya tambayi malaman sashen Hausa mafi kusa da shi ko suna da kwafi.