Teku a Cikin Ɗaki

Shekara ashirin maigidan ya yi yana aikin fiton kaya a tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Da ya bar aiki ya komo Yamai, abin da ya fi ji da shi cikin kayansa shi ne wani akwatin gilashi mai cin lita 200, inda yake kiwon kifayen teku guda huɗu, masu launin lemu da ratsin fari. Ga mutumin da ƙasarsa ba ta taɓa teku ba, wannan ba ƙaramar ɗawainiya ba ce. Gishirin Bilma ba ya yi. Sai an aiko da wani na musamman, a auna gram 35 ga kowace lita. In zafin watan Afrilu ya shanye ruwan, da ruwan daɗi ake cikawa, domin ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan inda yake.

A ƙarƙashin akwatin akwai ƙaramin tanki, inda ruwa ke sauka a tace shi, sannan inji ya tura shi sama ta cikin tiyo. Wani dare aka ɗauke wuta. Inji ya tsaya, tiyon da ke kai ruwa sama ya juya yana zuƙo shi ƙasa. Akwai ɗan rami da aka huda a jikin tiyon, dab da saman ruwa, don iska ta shiga ta katse wannan zuƙa, amma gansakuka ta toshe shi tuntuni, maigidan bai lura ba. Kafin asuba ƙaramin tankin ya tumbatsa, lita kusan 40 ta malale, ta jiƙa darduma da buhun gero, ta kai ga mahaɗin wuta da aka ajiye a ƙasa. Ruwan gishiri kuwa ya fi ruwan daɗi ɗaukar lantarki nesa ba kusa ba. Allah ya kiyaye, maigidan ne ya fara shiga, ya zare wayar kafin a maido da wuta, kafin jikokinsa su tashi su tako ɗakin ba takalmi.

Uwargida ta zo da tsumma da bokiti, ta matse ruwan, ta tsaya da shi a tsakar gida. A gidan nan ko ruwan wanke shinkafa gindin zogale ake kai shi. Ta ce: «Malam, ina zan zuba wannan? Ko shuka ba ta shan sa.» Bai amsa ba. Ya san kuɗin da take biyan mai garuwa ranar da famfo ya ƙafe. Cikin kifayen ma ɗaya ya mutu, saboda ruwan da ya kwana bai motsa ba iskarsa ta yi ƙaranci.

Bai rabu da akwatin ba, amma ya daina dogara ga sa'a. Ya ɗaga mahaɗin wuta ya kafe shi a bango, ya rage ruwan ƙaramin tanki don ya iya ɗaukar abin da zai gangaro. Kowace Juma'a, bayan ya komo daga masallaci, sai ya sa tsinke ya share ramin nan, ya kashe injin da hannunsa, ya durƙusa yana duban ruwan har ya tsaya cak, saura ɗan yatsa uku ya kai baki. Sannan ya kunna.