Na Tare Ƙura, Na Kulle Hayaƙi

Kawuna mai asma ne, kuma duk shekara da hunturu ya shigo Bodinga sai ta motsa masa. A gidanmu ni ne ɗan boko, maganata ake ji. Da hazo ya sauka a watan Disamba, irin wanda ke hana jirage sauka a filin jirgin saman Sultan Abubakar III, sai na sa aka toshe tagar ɗakinsa da tsumma da leda, aka rataya bargo a ƙofa, da dare kuma a shigar masa da kaskon garwashi saboda sanyi.

Na ce, "Kawu, ƙurar nan ce ke wahalar da ku."

Ya ce, "To, ɗana, ai kai ka yi karatu."

Ba a jima ba numfashi ya ƙara yi masa wuya, ga ciwon kai kowace asuba. Ni kuwa na kafe a kan cewa hazo ne ya ƙaru. Sai da 'yarsa, ma'aikaciyar jinya da ke aure a Shagari, ta zo dubiya. Tana leƙa ɗakin ta yaye bargon, ta fito da kaskon da hannunta. Da yake taubashiyata ce, ba ta raga mini ba: "Malam mai ilimi, ka hana ƙura shiga, ka kuma hana hayaƙi fita. Da wanne kake so ya yi numfashi?" Ciwon kan nan, in ji ta, gubar garwashi ce, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa a rufaffen ɗaki.

Inda na ɓata shi ne na ɗauka duk abin da ke yawo a iska jinsi ɗaya ne, kuma wanda ido ke gani shi ne abin tsoro. Yawancin ƙurar hunturu daga kwarin Bodélé na ƙasar Chadi take tasowa, busasshen gindin wani tsohon babban tafki, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta zuwa ƙasar Hausa. Mafi yawan nauyinta manyan ƙwayoyi ne, waɗanda hanci da maƙogwaro ke tare kaso mai yawa daga cikinsu. Shi ya sa ake fyace majina da ƙasa-ƙasa. Ba wanke ta nake yi ba, ita ma tana da nata ƙananan, kuma tana tayar da asma. Amma ƙwayoyin hayaƙi kusan dukansu ba su kai maikiromita 2.5 ba, alhali kaurin silin gashi ɗaya ya kai kimanin 70. Irin waɗannan har can ƙuryar huhu suke zarcewa. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, bai kamata matsakaicinsu a yini ya wuce maikirogiram 15 a kowace mita mai siffar sukari ta iska ba, wato akwatin iska mai mita ɗaya ta kowane ɓangare. Kasko a ɗakin da aka liƙe ya yi wa wannan iyaka nisa.

Muka buɗe tagar da ba ta fuskantar iska, muka saya ta da jiƙaƙƙen ƙyalle, aka ƙara masa bargo maimakon wuta. Ya samu sauƙi, alhamdulillahi.

Hazon ma kansa ba kama ɗaya yake ba daga wata zuwa wata. Na'urar auna iska da ke Ilorin tun 1998 ta nuna cewa a Disamba da Janairu ƙura gauraye take da hayaƙin ƙonar daji, zuwa Fabrairu da Maris kuwa manyan ƙwayoyin ƙura ke rinjaye. A wannan lokaci ne mutanenmu ke sakin jiki, wai sanyi ya wuce, alhali bazara ce lokacin zafi sama da digiri 40 da bushewar hanci da sanƙarau, kamar wanda ya addabi Zamfara da Sakkwato a 2017. Damina kan wanke sararin sama tas. Sai dai a lokacin ne girki ke komawa cikin ɗaki da jiƙaƙƙen icce, mata da goyonsu su wuni cikin hayaƙin da ya fi na hunturu kauri.